Hoton Da Ja'afar Ya Yanke Wa Gefe

Akwai wani matashi a Alƙahira mai suna Ja'afar, ɗan arewacin Najeriya. Karatun addini ne ya kai shi unguwar Darrasa, amma kyamara ta fi littafi daɗewa a hannunsa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya ɗaukar hoto. Matsalarsa ɗaya: ya san ya iya, tun daga nan kuma kunnensa ya toshe.

Wata makarantar 'ya'yan baƙi da ke unguwar Ma'adi ta ɗauke shi aikin yini guda. Za a yi atisaye ne ranar Asabar da babu ɗalibai, a koya wa ma'aikatan motar asibiti da masu gadi abin da za su yi idan wani ya kutso makaranta da bindiga. Aikinsa shi ne ya ɗauki komai, don a riƙa koyarwa da hotunan. An gaya masa da baki, an kuma rubuta masa a takarda: hotunan nan ba na fitarwa ba ne.

Da ake neman waɗanda za su kwanta a matsayin masu rauni, sai aka roƙi 'ya'yan ma'aikata. Cikinsu akwai Amani, 'yar shekara goma sha shida. Mahaifiyarta Awadiyya Bahaushiyar Sudan ce, ita ke share azuzuwa a makarantar. Yaƙi ne ya koro su. Mijinta Sulaimanu ya tsaya can yana jinyar tsohuwarsa, bayan ya binne ɗansu na fari da hannunsa.

Aka shafa wa Amani jan fenti a wuya da gaban riga, aka kwantar da ita a bakin aji. Aka saki ƙarar harbi ta lasifika. Ma'aikatan agaji suka shigo a guje sanye da riguna masu ruwan ɗorawa, kowace an rubuta mata "tadrib" da manyan baƙaƙe, wato horo. Shugabansu yana ta ihu, "Yalla, maza! A fara tsayar da jini!"

Awadiyya tana tsaye can nesa da tsintsiyarta. Ta san wasa ne, a gabanta ma aka shafa fentin. Amma wanda ya taɓa jin harbin gaske, jikinsa ba ya jiran shawararsa. Ta jefar da tsintsiya, ta faɗa kan 'yarta tana kururuwa.

Kowa ya yi cirko-cirko. Ja'afar kaɗai ya durƙusa, ya danna kyamara.

Bayan an tashi, ta same shi yana haɗa kaya, idonta jajir.

"Ɗana, don girman Allah ka goge wanda ka ɗauke ni. Babanta yana da waya. In ya gani, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

"Ma'alish, yi haƙuri Hajja, ke ba ki san darajar hoto ba. Shekara uku ina neman irin wannan."

"Ni ba daraja na sani ba. 'Yata na sani."

"Khalas, shi ke nan, na ji. Babu inda zai je."

Ƙarya yake yi, kuma wallahi abin da ya yi bayan nan shi ya fi ƙona mini rai. A gefen dama na hoton akwai ma'aikaci tsaye da rigarsa ta "tadrib", kusa da shi kuma wata mata ce riƙe da kwalbar fenti. Duk wanda ya ga wannan gefen ya san horo ake yi. Shi kuwa gwani ya duba ya ce sun ɓata masa hoto. Ya yanke su. Aka bar uwa tana ihu a kan yarinya jina-jina. Ya ɗora a shafinsa, ya rubuta kalma biyu kacal: "Uwa. Alƙahira."

Yabo ya dinga zuba, kansa ya dinga kumbura. Kafin la'asar wani ya kwafe hoton ya ƙara nasa gishirin, wai an harbe 'yar Sudan a wata makaranta a Masar. Daga waya zuwa waya, har ya faɗa hannun Sulaimanu. A ranar kuma layin waya ya ɗauke a garinsu, kamar yadda ya saba tun da aka fara yaƙin.

Washegari Awadiyya ta ga kanta a wayar maƙwabciya. Ta kira mijinta ya fi sau ɗari, shiru. Makarantar ta sa Ja'afar ya sauke hoton, ta ce kada a sake ganin ƙafarsa a wurin. Kun san abin da ya dame shi? Wai an yi masa hassada. Awadiyya kuwa kwana goma sha ɗaya ta yi tana neman mijinta a waya.

A rana ta goma sha biyu aka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Amani ce ta buɗe. Babanta ne tsaye, ya rame, leɓensa duk ya tsattsage. Ya kama fuskarta da hannu biyu, ya duba wuyanta, ya sake dubawa, sannan ya zame ya zauna a ƙasa.

Da gari ya waye ya ce a kai shi wurin mai hoton. Suka same shi a ɗakinsa a Darrasa.

"Kai ne Malam Ja'afar?"

"Ni ne, Baba. Wallahi ban yi nufin…"

"Zauna, ba nufinka na zo ji ba. Da na ga hotonka, kasuwa na shiga na sayi likkafani, don na ce 'yata ba za ta kwanta a cikin na sadaka ba. Ƙanena Muhannad ya rantse ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba. Ba mu da takardu, muka hau bayan mota ta hanyar sahara. Motar ta mutu mana a hanya, ruwa ya ƙare. Kwana uku muka yi."

Ja'afar ya sunkuyar da kai.

"Ɗago ka dube ni, ai kai gwanin kallon fuskar mutane ne. Likkafanin da na saya wa Amani, da shi na naɗe Muhannad."

Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya lalubo wata lamba, ya ajiye ta a kan cinyar Ja'afar.

"Layi ya dawo jiya. Wannan matarsa ce, 'ya'yansu uku, har yanzu tana jiran ya kira ya ce mun iso. Ni na kasa. Kai da ka iya ba duniya labari, gaya mata."

Darasi: Wanda ya yanke gefen gaskiya don abu ya yi kyau, ƙarya ya yi, ko da bai furta kalma ɗaya ba. Hawayen mutum ba kayan adon shafinka ba ne, kuma idan mai abu ya ce ka bari, to ka bari, ya fi ka sanin abin da yake tsoro. Mu ma masu turawa ba tare da bincike ba, da hannunmu a ciki. Ku isar da wannan ga duk mai kyamara a aljihu, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna.