Baƙin Man da Aka Rufe da Yashi

An yi wani tsohon manomi a wani ƙauye, yana da gona da lambu a bakin fadama. Ba shi da ɗa namiji, sai mijin 'yarsa, Filibus, shi ne suke noma tare. Suna ƙaunar juna ƙwarai, amma akwai kunya irin ta surukai a tsakaninsu. Ba sa cin abinci a kwano ɗaya, ba sa doguwar magana.

Da ƙarfin tsohon ya fara raguwa, sai Filibus ya ce masa, "Baba, ga wani mutum a gari yana so ya sayar da ƙaramar tarakta ta hannu. In ka yarda, mu sayar da shanun huɗa mu saye ta, ka huta."

Tsohon kuwa shi ya yi kiwon shanun nan tun suna maruƙa. Duk da haka ya ce, "Yadda ka gani, ɗana."

Aka sayar da shanu, aka kawo tarakta, aka yi mata rumfa a bayan gida. Filibus ya wanke ta, ya zuba mata sabon baƙin mai, ya ɗaure duk abin da ya ga yana motsi. Ya gwada ta a lambu, ta yi aiki sarai.

Wata safiya ya shiga rumfar, sai ya ga baƙin tabo a ƙasa, daidai ƙarƙashin injin. Ya taɓa da yatsa, ya ga baƙin mai ne. Ya ce a ransa, "Ni na sa tsohon nan ya rabu da shanunsa. In ya ji ruɓaɓɓen abu na sayo, ina zan sa kaina?" Ya waiwaya, bai ga kowa ba. Ya ɗebi yashi ya rufe wurin, ya ƙara mai a injin.

Kashegari ma haka, jibi ma haka. Kullum sai ya tarar da tabon, ya rufe, ya ƙara mai. Ya so ya kira bakanike, amma ya san in bakanike ya shigo ƙauyen, kowa zai ji. Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya ga hadari ya taso a gabas, sai ya tuna ranar babban aiki ta kusa. Matarsa ta tambaye shi, "Maigida, lafiya kuwa?" Ya ce gajiya ce.

Ashe tsohon ya gan shi. Wata rana yana dawowa daga lambu ya hango Filibus a durƙushe yana watsa yashi. Da Filibus ya tafi, ya je ya tone da sandarsa, ya ga abin da ke ciki. Shi ma hankalinsa ya tashi, amma ya ce, "Yaron nan yana jin kunya. In na yi magana, zai ɗauka ina yi masa gorin shanuna ne. Bari in ɗauke masa wannan nauyi."

Daga ranar, tsohon ya riƙa riga Filibus zuwa rumfar. Sai ya kwashe ƙasar da ta ɓaci, ya zubar a bayan danga, ya share wurin tas.

Filibus ya zo ya ga ƙasa fes. Ya dawo kashegari, babu tabo. Ya ce, "Na gode wa Allah, yoyon ya tsaya!" Ya daina duba man, ya daina ƙarawa. Da tsohon ya ga fuskar surukinsa ta saki, sai ya ɗauka ya yi aikin kirki, ko da yake shi kansa ba ya samun kwanciyar rai, gama kullum yana ganin ƙasar da yake kwashewa tana ƙara yawa.

Ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita gona. Filibus ya ɗaura garma, ya fara huɗa, tsohon yana tsaye a gindin ɗorawa. Bai kai tsakiyar gonar ba, sai ƙarar injin ta canja. Hayaƙi ya turnuƙe, aka ji wani ƙarfe ya buga da ƙarfi a ciki, taraktar ta tsaya cik. Filibus ya yi, ya yi, ta ƙi tashi.

Aka kira bakanike. Ya duba, ya ce, "Babu ɗigon mai a cikinta, inji ya buga. Wata 'yar roba ce ta tsage a ƙasa. Da kun kira ni tun tana ɗiga, da a tsaye zan canja ta. Yanzu sai an sauke injin an kai birni."

Filibus ya ce, "Amma ai yoyon ya tsaya. Da idona na ga ƙasar a bushe."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce, "Bai tsaya ba, ɗana. Ni ne nake sharewa."

Suka nemi aron shanu, amma na kowa suna kan aiki. Suka ɗauki fartanya su biyu, tsoho da surukinsa, suka noma abin da suka iya. Sauran gonar ciyawa ta cinye ta. A shekarar nan rumbunsu bai kai rabi ba.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Taraktar ita ce rayuwar da Allah ya haɗa mu a ciki, a gida ko a ikkilisiya. Ba wanda ya karɓe ta sabuwa fil, kowannenmu ya zo da tasa tsagewar. Yoyon shi ne ƙaramin zunubi ko damuwa da ke cin mutum a hankali. Filibus shi ne mai ɓoye matsalarsa don tsoron abin da za a ce. Tsohon kuwa shi ne wanda ya gani, ya yi shiru, har ya taya rufewa, yana tsammani ƙauna ce. Ku lura, ba mugu a cikinsu, amma gonar ta lalace.

'Yan'uwa, Ubangiji bai ce mu tona asirin juna a kasuwa ba. Ya ce mu faɗa wa juna gaskiya cikin ƙauna. Wataƙila ka ga ɗan'uwanka ya fara shaye-shaye, kana yin ƙarya a gaban matarsa don ka rufa masa asiri. Wataƙila kin ga 'yarki ta daina addu'a, kina cewa aiki ne ya yi mata yawa. Wataƙila kai ne mai damuwar, kana murmushi a sujada, zuciyarka tana ƙuna. Kada ka jira. Ka je wurin mutumin a makon nan, ku zauna ku biyu, ka ce masa, "Na gani, kuma ina tare da kai. Zo mu kai wa Ubangiji tun da sauran gyara."