Agogon Kafinta da Rabin Saƙo

Akwai wani kafinta da ya yi suna wajen ƙera kabad da gadaje. Shekara talatin yana riƙe da zarto, kuma ba ya son a ce masa ya yi kuskure. Ƙaninsa, wanda kowa ke kira Dogo, shi ne hannun damansa a shago. Wayar shago ma a aljihun Dogo take kwana.

Kafinta ya fara lura da wani abu da ya hana shi sukuni. Masu kawo aiki za su gaishe shi da ladabi, sai su ja Dogo gefe su yi ƙus-ƙus. Waya ta yi ƙara, Dogo ya fita waje ya amsa. Kafinta ya tambaye shi sau biyu, Dogo ya ce ba komai.

Ana haka 'yarsa ta kawo masa tsarabar agogon zamani, irin wanda ke nuna saƙon waya a tsintsiyar hannu. Ranar da Dogo ya tafi sayen katako ya mance wayar shago a kan teburi, kafinta ya ɗauke ta ya nufi wurin mai gyaran waya. Ya ce so yake agogon ya riƙa nuna masa saƙonnin wayoyin biyu, tasa da ta shago.

Mai gyara ya ce agogon da waya ɗaya yake haɗuwa, amma akwai manhajar da za ta riƙa tura sanarwar wayar shago zuwa tasa, daga nan ta hau agogo. Ya ƙara da cewa fuskar agogon ƙarama ce, farkon saƙo kawai take nunawa.

"Gyara na kawo maka, ba wa'azi ba," in ji kafinta.

Tun daga ranar hannunsa bai huta ba. Yana buga ƙusa agogo ya girgiza, ya yar da guduma ya duba. Yana cin abinci ya girgiza, ya ajiye cokali. Maiɗakinsa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mijin da agogo ke aike ba sai shi. Bai ko yi murmushi ba.

Abin da yake gani ya ishe shi. "Dogo, ka zo kai kaɗai ka..." Wani kuma: "Kada yayanka ya ji, amma..." Wata malamar makaranta da ta ba su aikin kabad ɗin kicin ta rubuto: "Na fi yarda da hannunka, don..."

Ya riƙa zagaye shago kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ashe ɗan'uwan da ya koya wa riƙon zarto ne ke janye masa mutane ta bayan fage? Bai nemi ganin cikakken saƙo ko ɗaya ba. A ganinsa rabin ma ya wadatar.

Da safe, a gaban masu jiran kaya, ya ce Dogo ya ajiye waya da makulli. Ya kira shi maci amana. Dogo ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi mutanen da ke tsaye, ya fasa. Ya kaɗe garin katako daga rigarsa ya tafi.

Kafinta ya je gidan malamar da kansa ya auna bango. Kwana tara yana aiki, yana sauri don a ga shagon bai dogara da kowa ba. Da aka kai kabad ɗin, ya ƙi shiga gurbinsa. Ya fi wurin faɗi da inci uku.

Kafinta ya ce magini ne ya karkatar da bango. Malamar ta miƙa masa wayarta ta ce ya karanta saƙonta har ƙarshe. Ya kawo wayar kusa, ya nisanta ta, rubutun ya ƙi tsayawa. Ita ta karanta masa.

"Na fi yarda da hannunka, don awon yayanka ya sake kuskurewa. Ka zo ka maimaita yadda ka saba, ba sai ya sani ba."

Ta gaya masa cewa kusan shekara biyu ke nan idonsa na rikita masa lambobin tef ɗin awo. Duk inda ya auna, Dogo kan bi bayansa ya sake, ya gyara a takarda, ya roƙi mutane kada su faɗa, don ya san yayansa zai fi jin ciwon wannan fiye da yankan zarto.

Kafinta ya zauna a kan kabad ɗin da ya ɓata. Agogo ya girgiza, bai duba ba. Malamar ta ce ta yi haƙuri da wannan, amma ragowar aikin gidan ta riga ta ba wani.

Daga nan gidan Dogo ya wuce. Ya same shi a ƙofar gida yana gyara wa maƙwabci ƙafar kujera. Ya daɗe a tsaye kafin bakinsa ya iya furta neman gafara.

Dogo bai ɗago ba. "Korar ba ta dame ni ba, Yaya. Sunan da ka kira ni a gaban mutane ne ya tsaya mini."

Washegari kafinta ya bi mutanen da aka yi abin a gabansu ɗaya bayan ɗaya ya wanke ƙaninsa da bakinsa. Ya sa aka cire manhajar. Sai da aka yi mako guda Dogo ya dawo, da sharaɗin za su je asibitin ido tare.

Likita ta zaunar da shi gaban allon haruffa. Ya karanta layin farko da na biyu. Da aka zo na uku ya kasa, ya waiga wajen ƙaninsa.

Dogo ya harɗe hannu. "Yau kam ba zan gyara maka ba, Yaya."

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci da rabin magana. Wanda kake zargi da yi maka zagon ƙasa, wataƙila shi ne ke rufa maka asiri. Ka tambaya, ka saurara har ƙarshe. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, ko wani zai tsaya ya ji kafin ya yi abin da zai yi nadama.