Ranar da Kurege Ya Karye

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa. Sunan garin ya ɓace mini, jikokina, haka ma waƙar da ke tsakiya, tsufa ya cinye su. Saura dai ga shi.

Kurege ne ya shiga fataucin gyaɗa, ba shi da jari. Ya je wa Kunkuru, ya ci bashin buhu. Ya je wa Zabuwa, ya ci bashin buhu. Kowa ya ce masa sai kasuwa ta ci. Kasuwa ta ci, ta watse, ta sake ci, Kurege shiru.

Ran nan ya ji labarin wai in mutum ya karye, alƙali kan raba wa masu bin sa abin da ya rage masa, a yafe saura. Ya ce, "Ashe akwai wannan garaɓasa!" Sai ya kwashe gyaɗar, ya bi bayan gonar Zabuwa, ya tona nan ya binne, ya tona can ya binne. Sannan ya shafa toka a baki, ya tafi gaban alƙali Gauraka.

"Allah ya gafarta malam, na karye."

Aka kira masu bin sa. Kunkuru ya ce, "Karyayye da wannan tumbin?"

"Kumburin yunwa ne, Baba."

Alƙali ya ce, "Ka rantse ba ka da ko ƙwaya?"

Kurege ya rantse. Aka je gidansa, aka ba Kunkuru turmi, aka ba Zabuwa taɓarya, aka bar masa tabarma da tukunya. Aka yi shela a kasuwa: Kurege ya karye, an yafe masa, amma kowa ya sake ba shi bashi, shi ya so.

Ya fito yana tsalle. Ya je wajen mai ƙosai. "Na kwabo, sai gobe." Ta rufe kwano. Ya je wajen 'yan adashe, suka ce zubi ya cika. Ya nufi gonar don ya tono gyaɗar, ga Zabuwa tana share fili, wuni guda ba ta ɗaga ba. Gobe ma haka. Jibi sama ta ɓarke da ruwa.

Kwana kaɗan gyaɗa ta tsiro, koriya shar. Zabuwa tana ta guɗa, "Ban shuka ba, Allah ya ba ni!"

Kurege ya kasa haƙuri, ya ruga gaban alƙali. "Tawa ce! Ni na binne!"

Gauraka ya gyara rawani. "Madalla. In taka ce, ka yi rantsuwar ƙarya: bashi ya dawo, wutsiya ta tafi. In ba taka ba ce, ka tafi da wutsiyarka. Wanne?"

Kurege ya dubi wajen gona, ya dubi wutsiyarsa, ga ta buzu-buzu, ba shi da wata. Sai ya ce:

"Zazzaɓi ne ya sa ni sambatu, malam. Allah ya sanya wa Inna Zabuwa albarka. Ko tana neman ɗan ƙwadago?"

Da kaka shi ya tone mata ita tas, ladansa roron abin da ya saura a ƙasa.

Kurunkus, kan kurege. Wanda zai karye, ya duba sama tukuna, kada ya karye gab da damina.

Na tambayi wani manomi bara, don kada in yi muku ƙarya. Ya ce tabbas kurege yana binne gyaɗa a gonar mutane, kuma wata takan tsiro.