Motar da Gero Ya Tsiro a Bayanta

Akwai wani dattijo a Maska da ake kira Maiwada. Shekara talatin da huɗu ya yi yana lodin buhuna a kasuwar hatsi ta Funtua. Masara, dawa, waken suya, babu buhun da bai hau kafaɗarsa ba. Da bayansa ya gaza, sai ya koma gida ya zauna.

To wanda ya saba da aiki, zama ba ya karɓarsa. Sai ya fara tara gwangwanaye yana yanka su da almakashi, yana ƙera ƙananan motoci. Ya fara da 'yan a-kori-kura, yana yi yana ɓatawa, har hannunsa ya faɗa.

Daga nan ya ɗauki niyyar ƙera babbar motar da ya fi daɗewa yana yi wa lodi, mai bodin katako, irin wadda yanzu sai ka yi sa'a za ka gamu da ita a hanya.

Shekara biyu ya kwashe a kanta. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Kanta na gwangwanin madara ne, tayoyin daga tsofaffin silifas ya yanko su, sifirin kuwa ƙarafen tsohuwar lema ne. In ka danna ta da yatsa sai ta lotsa ta dawo, kamar mota mai kaya. Ƙofofinta suna buɗewa. Sitiyarin ma in ka murɗa, tayoyin gaba suna binsa.

A bayanta ya jera buhuna sittin, kowanne bai fi babban yatsa ba. Matarsa Rabi ce ta ɗinka su, aka cika su da gero na gaske, ya ɗaure su da zare irin ɗaurin da yake yi a kasuwa.

Amma a majalisar da yake zama, gindin darbejiyar ƙofar masallaci, abin dariya ya zama. Wani Buba shi ne gaba-gaba. Kullum sai ya tambayi Maiwada ko motar ta yi lodin Legas yau, ko kuwa direba bai samu fetur ba. Yana cewa jikokinsa ma sun girmi wasan gwangwani. Maiwada sai dai ya yi murmushi ya ja carbinsa.

Ana nan cikin kaka, sai labari ya zo cewa za a yi baje kolin ƙananan motoci a Funtua, karo na farko. Wanda ya shirya shi wani mai kantin magani ne, Abdulmutallib. Shi ma mai son abin ne ƙwarai. Yana sayo ƙananan motocin ƙarfe daga Kano da ƙasashen waje, tsofaffin ya kankare su ya sake masu fenti. Gaskiya hannunsa na da kyau wajen fenti, wannan ba za a hana shi ba. Girman kai ne dai ya yi mashi yawa.

Maiwada ya faɗa wa majalisa cewa motarsa za ta je Funtua a gan ta. Ya sa ta a kwali, ya rungume ta a bayan ɗan acaba, har ƙofar kantin, ya faɗi sunansa da garinsu.

Abdulmutallib ko kujera bai nuna mashi ba. Ya leƙa kwalin, ya ɗan taɓa tayar silifas da farce.

"Baba, ka yi ƙoƙari. Amma baƙi za su zo daga Kaduna da Kano. Ba zan jera gwangwanin madara kusa da kayan da aka kawo daga waje ba."

Sai dai idonsa ya tsaya a kan buhunan. Ya zaro ɗaya ya matsa, ya tambayi abin da ke ciki. Maiwada ya ce gero ne. Ya buɗe baki zai ƙara bayani, wayar Abdulmutallib ta yi ƙara, ya ɗaga mashi hannu alamar an gama magana.

Haka dattijon nan ya koma Maska da kwalinsa. Kafin ya sauka daga mashin Buba ya hango shi, ya tambaye shi ko jami'an hanya ne suka tare motar don ba ta da takardu. Majalisa ta kwashe da dariya.

Daga ranar Maiwada ya daina zama gindin darbejiya. In ya idar da salla sai ya sa takalmi ya wuce gida. Motar kuwa ya tura ta ƙarƙashin gado. Rabi tana kallonsa, abin yana cinta.

Shi kuma Abdulmutallib, ashe buhunan nan ba su bar ransa ba. Yana da wata babbar motar ƙarfe mai bodin katako, wadda ya yi wata shida yana gyaranta. Ita ce uwar taron, hotonta ne ma a jikin katin gayyata da ya watsa a wayoyi. Ya ga in ya ɗora mata lodi irin na tsohon nan, ba wanda zai kama ƙafarsa.

Ya sa tela ya ɗinka mashi 'yan buhuna. Ya aika kasuwa aka auno sabon gero, ya cika su. Da ya jera, sai suka tsaya ƙiƙam, suka ƙi kwanciya irin na lodin gaske. Sai dabara ta zo mashi. Ya yayyafa masu ruwa sosai, ya danne su da tafin hannu, suka kwanta lub. Ya ji daɗi. Ya sa motar a akwatin gilashi, ya rufe, ya lulluɓa ƙyalle, ya tafi Kano gayyato manyan baƙi.

Ku matan da ke bin shafin nan, duk wadda ta taɓa jiƙa gero ta manta da shi a ƙwarya ta riga ta san abin da zai biyo baya. Shi bai sani ba, ko da yake da geron gonar ubansa aka kai shi makaranta.

Kwana biyar ya yi. Ya dawo ranar Laraba, taro ranar Asabar. Ya yaye ƙyallen.

Bayan mota ya zama gona. Gero ya tsiro ta jikin kowane buhu, wani har ya taɓo gilashi. Saiwoyi sun bi ta tsakanin katakai sun kama su. Katakon ya kumbura ya banƙare, tsatsa ta fito a gefen ƙofa, fenti ya yi ƙuraje. Da ya buɗe akwatin, warin tsami ya buge shi.

Ya shiga lissafi. Fenti zai iya. Amma katakon da ya banƙare da lodin da ya lalace ba aikinsa ba ne, kuma duk Funtua bai san mai yin su ba. Mutum ɗaya ya sani, kuma shi ya kora.

Washegari da hantsi motarsa ta tsaya a Maska. Sai da ya tambayi 'yan majalisa gidan Maiwada, Buba ya nuna mashi da baki.

A zaure ya ajiye akwatin, ya durƙusa ya gaida dattijon, gaisuwar da bai yi ba ranar farko. Maiwada ya dubi motar, bai yi dariya ba. Tausayinta ma ya ji. Ya shafa katakon, ya ce ba ta mutu ba, in Allah ya so kwana biyu sun isa. Har ya miƙa hannu zai ɗauko almakashi.

Sai aka ji muryar Rabi daga ƙofar cikin gida.

"Malam, dakata. Aikin nan ba naka ba ne kai kaɗai."

Ta fito da mayafinta ta tsaya a bakin zaure. Ta ce wa Abdulmutallib buhunan da ya gani ya yi sha'awa ita ta ɗinka su, kuma abin da ya hana geronsu tsirowa shekara biyu a hannunta yake. Abdulmutallib ya sa hannu a aljihu, ya ce ko nawa ne zai biya.

"Mayar da hannunka, ɗan nan. Ba kuɗi ka ƙwace mana ba."

Ta faɗi abin da take so. Motar Malam za ta shiga taron, a teburin tsakiya. A rubuta sunansa da na garinsa da manyan baƙaƙe, yadda mai raunin ido ma zai gani. Sannan ranar Asabar shi Abdulmutallib da kansa zai zo Maska, ya tsaya da motarsa a gindin darbejiya, ya ɗauko kwalin da hannunsa, Malam ya zauna a gidan gaba.

Abdulmutallib ya ce zuwa ɗaukarsu ba matsala, suna ma za a rubuta. Amma teburin tsakiya an riga an yi wa baƙin Kano alƙawarinsa. Ya ce akwai wuri mai kyau a gefen dama.

Ta ce tsakiya.

Ya ce to bakin ƙofa, inda duk mai shigowa da ita zai fara cin karo.

Ta ce nan ake ajiye takalma. Ta gyara mayafi ta juya za ta koma ciki.

Maiwada duk kunya ta kama shi. Ya ce, "Rabi, ya isa haka. Baƙo ne."

"Bai isa ba, Malam. Sati biyu ke nan kana bin bayan masallaci kamar wanda ya yi sata."

Abdulmutallib ya ɗago ya dubi dattijon. Sai a lokacin ya san abin da maganarsa ta ranar nan ta jawo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, na yarda. Tsakiya."

Nan take aka fara aiki. Maiwada ya sa reza ya yanke saiwoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ciccire katakan da suka banƙare, ya fere sababbi daga tsohon akwati. Tsatsar kuma ya goge ta da toka da lemun tsami, aka shanya a rana.

Rabi ta ɗora kasko a murhu. Ashe duk sirrin ke nan. Soya geron take yi sama-sama har ya mutu, ta gauraya shi da 'yar toka saboda ƙwari. Kuma ba a cika buhun taf, sai a bar mashi wuri, shi ya sa yake kwanciya da kansa ba sai an sa ruwa ba.

Abdulmutallib yana zaune a tabarma, babbar rigarsa a rataye, yana riƙe wannan yana miƙa wancan. Yanzu kam bakinsa bai huta da tambaya ba. Da aka zo fenti shi ya karɓa, Maiwada ya tsaya yana kallo, ya ce wallahi bai taɓa ganin hannu mai santsi irin wannan ba. Kafin la'asar ɗin Juma'a mota ta tashi, har ta fi yadda take a da kyau.

Ranar Asabar da safe majalisa ta cika. Mota ta zo ta tsaya a gindin darbejiya. Kowa yana kallo mai kantin magani ya fito daga gidan Maiwada rungume da kwali, ya buɗe wa dattijon ƙofar gaba. Ba wanda ya tambayi takardun mota.

A zauren taron, motoci sun fi ɗari, sai ƙyalli suke. Motar gwangwani tana tsakiyarsu. Da farko baƙi suka riƙa wuce ta. Amma labari ya kai kasuwar hatsi, sai ga direbobi da 'yan lodi sun shigo da ƙurar buhu a jikinsu, suka zagaye teburin. Wani tsohon direba ya sunkuya ya daɗe yana duban zaren da aka ɗaure kayan da shi. Ya ce wanda ya yi wannan ɗaurin, ko Legas aka tura motar buhu ɗaya ba zai faɗi ba. Daga nan baƙin ma suka fara turereniya.

Wani Alhaji daga Kano ya taya ta. Maiwada ya ce ba ta sayarwa ba ce. Alhajin ya ƙara kuɗi, ya sake ƙarawa. Maiwada ya yi mashi godiya, ya ce kallo dai kyauta ne.

Da aka ba Abdulmutallib lasifika, ya yi abin da ba ya cikin sharaɗin Rabi. Ya ba da labarin geron tun daga farko, bai rage komai ba, har korar da ya yi wa dattijon. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Sannan ya ce duk mai ƙera mota a ƙauyukan nan, daga Tsiga har Kafur, ta gwangwani ce ko ta kara, baɗi akwai teburinsa.

Maiwada yana tsaye a gefe, sai ya jiyo wata murya da ya sani a cikin taron. Ya waiga. Buba ne, ashe acaba ya hau ya biyo su. Ya tare wasu baƙi biyu yana nuna masu katin da ke gaban motar.

"Ɗan garinmu ne. Kullum tare muke zama."

Darasi: Kada ka kori mutum saboda kayan aikinsa ba su da tsada, don ba ka san abin da ke kansa ba. In ka ga abu mai kyau a hannun wanda ka raina, ka zauna ka tambaye shi yadda aka yi, kwaikwayo a ɓoye ba ya kai mutum ko'ina. Ku kuma masu sana'a, ku yi alheri in an zo neman ku, amma ku san darajar abin da ke hannunku, kada ku bayar da shi kai a sunkuye. Duk wanda ke da tsoho mai aikin hannu a gida, ya tura wannan labarin ga 'yan uwa su karanta mashi.