Sanya da Baƙuwarta Kububuwa

Dalilin da ya sa maciji ba ya kwana a gindin sanya, yara, wani tsohon alkawari ne da aka karya.

A da can, sanya doguwar bishiya ce mai yalwar inuwa, saiwarta kuwa ba ta da wani wari. Wata shekara gobarar daji ta kori Kububuwa daga raminta, ta zo ta roƙi Sanya masauki a tsakanin saiwoyinta. Sanya ta yarda, amma da sharaɗin cewa duk wanda ya shiga inuwarta baƙonta ne, ba a saransa. Kububuwa ta rantse.

Bishiyar tana bakin gonar wani manomi mai suna Nomau. Idan rana ta take, matarsa Tasalla takan kawo masa fura, su zauna a inuwar su sha. Ran nan Tasalla ta riga shi zama, ta miƙe ƙafafu, diddigenta ya taɓa Kububuwa da ke kwance cikin busasshen ganye. Nan take ta sare ta.

Kafin Nomau ya yar da fartanya ya iso, ƙafar ta fara kumbura, dasashinta na zubar da jini. Ga gari da nisa, ba kowa a gonakin kusa. Ya rungume ta yana ta kiran sunanta.

Sanya ta tambayi baƙuwarta ina rantsuwar da ta yi. Kububuwa ta ce, "Jikinta ne a inuwa. Ƙafar da na sara tana cikin rana."

Sanya ba ta sake kula ta ba. Ta ce wa manomin, "Bawan Allah, tona gindina. Shekara da shekaru Kububuwa tana tofar da dafi a kan saiwata, ban mutu ba. Yanko ka jiƙa wa matarka."

Nomau ya ce idan ya sare babbar saiwar, bishiyar za ta tsumbure. Sanya ta ce ta sani.

Yana sara, wani wari mai ƙarfi ya tashi ya cika ramin. Kububuwa ta fito daga tsakanin saiwoyin a gigice, ta shige ciyawa. Ya dandaƙa saiwar da dutse, ya jiƙa a ƙoƙon furar, ya ɗura wa matarsa, ya shafa sauran a bakin saran. Tasalla ta rayu, ko da yake da ɗingishi ta ƙare rayuwarta.

Labari ya bazu, kowa ya riƙa zuwa da fartanyarsa yana tono. Shi ya sa har yau sanya ba ta girma ta yi inuwar kirki, maciji kuwa da ya ji warin saiwarta sai ya sake hanya.