Darar Kurege da Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso da ƙurarta.

Ta zo mu ji ta, mu ba ta wurin zama.

To, ku bar tonon wutar nan, ku ba ni kunnuwanku.

Kurege dai kun san shi. Jiki ɗan mitsitsi, amma duk dajin nan babu mai wutsiya irin tasa, kuma ya san da haka. Da safe sai ya taje ta kafin ya wanke ido. In zai gaishe ka, sai ya ɗan juya gefe don ka gan ta da kyau.

Abu ɗaya ne ke zubar masa da girma, shi ne dara. A gindin tsamiyar bakin kasuwa ake bugawa, kuma Kura ce mai wurin. Za a tona gurabe a ƙasa, ita ta ɗauki tsakuwa, abokin wasa ya ɗauki guntayen kara. Da fari kowa ya dasa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa. Wanda ya jera uku a layi, sai ya cire ɗa ɗaya na abokinsa.

Shi gogan naku ba ya da haƙurin dasawa. Watsa karansa yake yi duk inda hannu ya faɗa, don ya ƙagu a fara ci. Kura kuwa ta gane shi sarai. Sai ta sakar masa tsakuwa ɗaya, ya yi wuf ya cafke yana kaɗa wutsiya. Ya ci ɗaya, a ci masa uku. Ya ci ɗaya, a ci masa uku. A haka hularsa ta tafi. A haka fartanyarsa ta tafi. Har zanan ƙofar gidansa sai da Kura ta naɗe ta yi gaba da shi.

Ran nan Kura ta zo da buhun gyaɗa ɓararriya, ta ajiye, ta hau kai ta zauna. Ƙamshi ya bugi hancin Kurege, yawu ya cika masa baki.

Ya ce, "Yaya Kura, wannan buhun na wasa ne?"

Ta ce, "Na wasa ne, ƙanena. Kai me za ka ajiye?"

Ya laluba, babu komai.

Ta dubi bayansa, ta lashe baki, ta ce, "Ƙudaje sun dame ni bana. Mafici nake nema."

Zomo na zaune a gefe. Ya yi gyaran murya, ya juya baya a hankali don Kurege ya ga ɗan guntun wutsiyar da Kura ta bar masa bara. Kurege ya gani. Amma hancinsa na kan buhu, sai ya ji bakinsa ya ce, "Na yarda."

Aka sa wasa ranar kasuwa, don kowa ya shaida.

Tun kafin ya kai gida ƙamshin gyaɗa ya bar hancinsa, tsoro ya kama shi. Ya zauna a tsakar gida ya rungume wutsiya, ya kasa cin tuwo. Matarsa Tasalla ta tambaye shi, ya zayyana mata komai.

Ta ajiye ludayi, ta ce, "Maigida, ni abin da ke ba ni mamaki, tun da ka aure ni ban taɓa ganin ka tona rami ba sai ka fara sanin ta inda za ka fita. Ƙofa gabas, ƙofa yamma, wata a ƙarƙashin sabara. Amma in ka zauna gaban dara sai ka afka kamar ba kai ba."

Kurege ya tashi ya tona gurabe a tsakar gida, ya samo kara da tsakuwa, ya zauna yana bugawa shi kaɗai. Ya buga nasa, ya zagaya ɗaya gefen ya turo baki ya buga na Kura. Kafin ya ajiye kowane kara sai ya ce, "In na sa nan, ita ina za ta sa? In ta sa can, ni ta ina zan fita?"

Gari ya waye yana yi. Rana ta take yana yi. Tasalla ta share tsakar gida ta zagaye shi, kaji suka saba da shi. A hankali ya gano abin da bai taɓa lura da shi ba: wasan nan tun a dasawa ake gama shi, turawa kawai kwasar amfanin gona ce.

Sai wata tambaya ta faɗo masa. Ya ce, "Tasalla, in na cinye ta fa?"

Ta ce, "Sai ka ɗauko buhu."

Ya ce, "Kin taɓa jin wanda ya cinye Kura ya ɗauki kaya ya tafi da ƙafarsa?"

Nan take ya kama tono. Daga ɗakinsa ya ja rami har gindin tsamiya, ya yi masa baki biyu. Ɗaya daidai inda ake shimfiɗa wa abokin wasa tabarma, ɗaya daidai inda Kura ke ajiye buhu. Ya bar ƙasa 'yar siririya a saman kowanne. Ya ba Tasalla tsinke da kwando, ya gaya mata aikinta.

Ta ce, "In kuma ita ta cinye ka?"

Ya ce, "Ko ba komai kin samu abin yi wa masu jaje ƙuli-ƙuli."

Ranar kasuwa ta zo, gindin tsamiya ya cika maƙil. Kurege ya iso da wutsiya ta sha taza da man kaɗe, ya zauna a tabarma. A al'adar wurin, abin da aka ajiye sai an danne shi har a gama. Kura ta danne buhu da mazaunanta, ta miƙo hannu ɗaya ta danne wutsiyar Kurege. Ya ji farce a kan fata.

Aka fara dasawa. Kura ta jefa tsakuwa. Kurege ya riƙe kara yana kallon gurabe, leɓensa na motsi.

Kura ta ce, "Ƙanena, addu'a kake yi?"

Ya ce, "Hanya nake dubawa, Yaya."

Aka gama dasawa, aka fara turawa. Kura ta sakar masa tsakuwa ɗaya kamar yadda ta saba. Jama'a, ku zo ku ga Kurege. Hannunsa ya tashi da kansa, yana nufar wurin. Ya kama shi da ɗaya hannun, ya tura ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai. Ya ce a ransa, in na sa nan, ita ina za ta sa? Sai ya tura wani kara can gefe, inda ba kowa ke kallo ba.

Daga nan shi ya fara sakar mata. Ya bar mata kara ɗaya, ta cafke tana dariya. Ya bar mata wani, ta cafke. Zomo ya rufe ido. Ita kuwa Kura daɗin ci ya hana ta lura cewa tsakuwoyinta sun watse, kowace ta bi nata gari. Bai kuma bar ta ta lura cewa tana ta yin ƙasa-ƙasa ba, don Tasalla ta huda buhu ta ƙarƙashi, gyaɗa na sulalewa cikin kwando.

Can sai Kurege ya gyara zama, ya tura kara ɗaya gaba. Uku. Kura ta buga, ya dawo da shi baya. Nan ma uku, don ya riga ya shirya layi biyu, karan nan ɗaya yana cika duk wanda ya shiga. Wannan shi 'yan dara ke kira doki, kuma wanda aka hau masa shi sai kallo.

Gaba, uku. Baya, uku. Gaba, uku. Baya, uku. Tsakuwa na raguwa, Kura na raguwa. Da aka fara wasa daga sama take kallon Kurege, yanzu ga su ido cikin ido. Jama'a suka fara raɗa: "Ku dubi yadda kunya ke ƙanƙantar da babba."

Kurege ya ɗauke tsakuwar da ta gama wasa, ya hure ƙurarta, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce, "Yaya, ga abinki. A sake ko a bari?"

Idon Kura ya kaɗa ya yi ja. Ta yi gurnani, ta ɗaga hannuwa biyu sama za ta cafke shi gaba ɗaya. Wannan ma yana cikin lissafi, don mai ɗaga hannu biyu ba ya danne wutsiya. Kurege ya fizge abarsa, ya doka ƙafa, ƙasa ta burma da shi. Kura ta rungumi tabarma.

Ta tashi tana huci, ta ce, "Ya je da wutsiyarsa. Gyaɗata dai ko ƙwaya ba zai gani ba." Ta sa ƙarfi ta ɗaga buhu, ta yi baya ta faɗi da shi, don babu komai ciki sai iska.

Daga ƙarƙashin ƙasa aka ji 'yar murya, a natse: "Kada ki wahalar da kanki da dako, Yaya. An riga an kai gida."

Zomo ya yi dariya har ɗan guntunsa na rawa.

Shi ya sa har gobe in kun ga kurege ya tsaya a kan ƙafa biyu, wutsiya a sama, yana duba hagu yana duba dama, kada ku ce tsoro ne. Lissafi yake yi, kuma so yake ku ga wutsiyar.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya shige buhu. Duk wanda zai buga dara da Kura a cikinku, ya fara koyon tono, sannan ya nemi mata mai babban kwando.