Likitan Waya Ya Buɗe Shago a Bakin Titi

Akwai wani ɗalibin jami'a da abokansa suka laƙaba wa suna Dakta, duk da cewa ilimin ƙasa yake karanta, bai taɓa riƙe allura ba. Wayoyi yake yi wa magani. Teburin karatunsa a ɗakin kwanan ɗalibai ya koma asibiti: ƙananan noti a murfin kwalba, fasassun gilasai a kwali, littattafan kuwa an tura su ƙarƙashin gado suna hutawa.

Kuma yaron ya iya, wannan ba a ja. Wayar da ta sha ruwa ta suma, kafin ka dawo daga aji ya farfaɗo da ita. Har layi ake yi a ƙofarsa.

Shekara ɗaya ta rage masa ya gama, sai kansa ya kumbura. Ranar da aka ba da dogon hutu ya shigo gida yana ta zumuɗi, ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Mama, na gama da boko. Shago zan buɗe."

Yayarsa, wadda ke aikin jinya, ta ajiye kofin hannunta. "Kai, ƙanƙanin yaro, shekara ɗayar ce ta gagare ka?"

"Yaya, ke ba ki ga layin ba ne. Waɗanda suka gama ma suna yawo da takardu a hammata. Ni kasuwa ke kirana."

Mama ta juyo gare shi. Ita ta yi ta ɗinki har idonta ya raunana don ya kai inda ya kai, amma ba ta ɗaga murya ba.

"To, Allah ya sa albarka," in ji ta. "Kawunka yana da lungu a shagonsa, je ka gwada a hutun nan. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka sanar da makaranta komai sai ranar rufe rajista. Ranar ka zaɓa da kanka."

Dakta ya ji kamar an ba shi duniya. Ya yi fenti, ya kafa teburi, ya sa aka rubuta masa allo da manyan baƙaƙe. Ranar buɗewa har da sabuwar riga, yana ta ɗaukar hoto yana watsawa, abokai suna zuba masa kirari.

Sai dai titin nan masu gyaran waya sun fi a ƙirga. Mutane su wuce, su karanta allon, su shiga shagon gaba. Ya goge teburin har ya fara ƙyalli, ya jera sukundireba daga babba zuwa ƙarami, ya sake jerawa.

Ana saura kwana kaɗan a rufe rajista, wata mata ta shigo da waya mai tsada, gilashinta ba ya amsa taɓawa. Dakta ya miƙe da fara'a, ya karɓa, ya faɗi abin da ya saba faɗa kullum a makaranta.

"Hajiya, faɗo min lambar sirrin, ki je ki dawo anjima."

Matar ta fizge wayarta. "In ba ka me? Hotunan 'ya'yana suna ciki, bankina yana ciki. Na san ka ne? In na dawo na tarar ka kwashe teburinka, wa zan kama?"

Ta fice, ta bar shi tsaye da hannu a miƙe. Kunya ta rufe shi, amma nan take kansa ya waye. Ɗalibai ba don ƙwarewa kaɗai suke ba shi sirrin wayarsu ba. Sun san gadonsa, sun san ajinsa, gobe za su gan shi a layin wanka. Makarantar da yake shirin jefarwa ita ce ta tara masa masu yarda da shi, kuma in ya bar ta, har ɗakin zai bari.

Ranar rufe rajista ya yi sammako, ya cusa kayan aikinsa a jaka, ya kama mota. Da gudu ya hau matakalar ofishin rajista, yana haki ya miƙa takardunsa, aka buga hatimi. Yana fitowa 'yan ajinsu suka yi masa caa, kowa da lalatacciyar wayar da ya adana masa tun farkon hutu. Dariya ta ƙwace masa, ya ja gefe ya kira gida.

"Mama, na yi rajista."

"Madalla," in ji ta. "Ka ci abinci kuwa?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Daga baya Yaya ta gaya masa cewa Mama tana ajiye wayar ta zauna a ƙasa ta fashe da kukan murna. Duk hutun nan abinci bai yi mata daɗi ba, kuma ta hana kowa ya faɗa masa.

Darasi: Kafin ka saki abin da ke hannunka saboda kasuwa ta yi maka murmushi, bincika ka gano abin da ke kawo maka mutanen, ka gwada tukuna. Iyaye kuma, haƙuri yakan dawo da yaro inda faɗa ba zai dawo da shi ba. Tura wa ɗalibin da ka san zuciyarsa na raya masa ya ajiye karatu.